Tulu da Caki, Kibod da Jita, Wasan Kwaikwayo ko Majigi: Wanne Ikilisiya Za Ta Fara Sa wa Kuɗi?

Duk ƙarshen shekara, idan dattawan ikilisiya suka zauna kan kasafin kuɗi, a Sabon Tasha ne ko Narayi ko Kakuri a garin Kaduna, buƙatun da ke isowa gabansu kusan iri ɗaya ne. Matasa suna son kibod da jita da jerin gangunan zamani. Zumuntar Mata tana son a sake mata tuluna da ganguna. 'Yan wasan kwaikwayo suna neman kaya da makirufo. Sakatare kuma ya gaji da buga takardun waƙa, yana son majigi. Baiko ba zai ɗauki dukansu a shekara ɗaya ba, dole a zaɓa.

Tambayoyi huɗu muke auna kowanne da su. Bayan an kawo abin, jama'a za su ƙara buɗe baki su yi sujada ne, ko za su koma 'yan kallo? Nawa zai riƙa ci kowane wata bayan an saye shi? Me zai faru ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa? Kuma idan yaron da ya iya shi ya sami gurbin karatu a Zariya ko ya tafi bautar ƙasa, wa zai riƙe shi? Tambaya ta farko ta fi sauran ukun nauyi.

Kayan kiɗan gida

A majami'un ECWA da HEKAN da Baptis da Angilika da Katolika na Kaduna, wannan shi ne abin da ya riga ya kafu, musamman a hannun Zumuntar Mata da mawaƙan Sabon Rai, ƙungiyar masu shelar bishara. Ƙarfinsa yana cikin tsarin waƙar, ba cikin kayan kawai ba: mai ba da waƙa ta jefa baiti, 'yan amshi su karɓa, kafin a zagayo sau uku tsohuwar da ba ta iya karatu ba da yaron makarantar Lahadi duk sun kama amshin. A ikilisiyar da ta tara Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Ham a benci ɗaya, Hausa ce ke haɗa su, kuma waƙar amshi ce ta fi saurin haɗa bakinsu.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Waƙar da aka tsara da Hausa tun asali tana bin hawa da saukar kalma, shi ya sa ake jin ma'anarta ba da wahala ba. Waƙoƙin da aka juyo daga Turanci aka ɗora kan muryarsu ta asali sukan ja gajeren wasali su gajarta dogo, su ɗaga inda kalma ke sauka. Waɗanda suka tashi da littafin waƙoƙi sun saba, suna kuma ƙaunarsa, kuma koyarwar da ke cikinsa mai zurfi ce. Amma baƙo ko sabon tuba ya fi saurin fahimtar waƙar tulu.

Ga mata 25 zuwa 30, tulu biyu ko uku sun isa, babba ɗaya mai kaurin murya da ƙanana. Ganga ɗaya ko biyu. Kuge ɗaya tak. Caki uku, kada ya wuce huɗu. Ana buga bakin tulu da soso mai kauri da aka naɗe cikin ƙyalle, a ɗora gindinsa kan gammo don kada siminti ya fasa shi kuma don muryar ta fito. Idan tulu biyu suna murya ɗaya, a zuba wa ɗaya ruwa kaɗan: iskar cikinsa ta ragu, muryarsa sai ta ɗaga. Kuge shi ne ke riƙe lokaci, don haka a ba wadda hannunta ba ya rawa, ba wadda ta fi daɗewa a ƙungiya ba.

Inda ake samun matsala wuri uku ne. Na farko yawan caki: ƙararsa tana zaune daidai inda sautin "s" da "sh" da "ts" suke, idan ya yi yawa sai kalmomi su nutse, a ji kiɗa ba a ji saƙo ba. Na biyu gudu: waƙa ta fara a natse, kafin baiti na huɗu ta zama tsere, saboda masu ganga suna bin zafin rawa maimakon bin kuge. Na uku yanayi: da damina fatar ganga tana shan laima ta saki, sai a shanya ta a rana ko a kusantar da ita ga wuta kaɗan kafin sujada, da hunturu kuma tana ɗaurewa har ta tsage idan an bar ta a bakin taga. Akwai kuma rauni na huɗu wanda ba na kayan ba ne: wasu waƙoƙin amshi kalma biyar ce ake ta juyawa, koyarwar ba ta da kauri. Maganinsa shi ne fasto ko dattijo ɗaya ya riƙa sauraren sabuwar waƙa a wurin koyo kafin ta hau gaban jama'a.

Kuɗin kayan gida kaɗan ne, ba sa jiran NEPA, ba sa shan fetur, kuma idan mai tulu ta yi tafiya akwai mata biyar da za su karɓa.

Kibod, jita da gangunan zamani

Abin da waɗannan ke bayarwa, kayan gida ba za su iya ba shi ba. Kibod yana ɗaure muryar mawaƙa a maɓalli ɗaya, wato matakin murya ɗaya, yana ɗaukar waƙoƙin littafi masu murya huɗu, yana kuma iya raka addu'a a hankali. Matasa da yawa ta wannan ƙofa suke shiga hidima, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Zabura 150 ta lissafta ƙaho da molo da garaya da ganga da sarewa da kuge, ba ta ware wani ba.

Sai dai wanda ya sayi kibod bai sayi kibod kaɗai ba. Ya sayi miksa mai haɗa sautuka, da amfilifaya mai ƙara musu ƙarfi, da lasifika, da wayoyi, da na'urar daidaita wuta, da janareto ko inbata mai ba da wuta daga batir, da fetur na kowace Lahadi da na ranakun koyo. Yawancin ikilisiyoyi a nan suke tuntuɓe: su kashe kusan dukan kuɗin kan kayan kiɗa, su sayi lasifika mafi araha da ragowar.

Ga abubuwan da ke lalacewa, da dalilinsu.

Kukan lasifika, wannan ƙara mai huda kunne, yana tashi ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ke fitarwa ya sake mayar mata. Ba ƙarfin na'ura ne ya gaza ba, wurin ajiya ne. Lasifika ta kasance a gaban layin makirufo tana fuskantar jama'a, a ɗaga ta sama da kan mutum a tsaye, a ɗan sunkuyar da ita. Mai waƙa ya riƙe makirufo kusa da baki, tazarar yatsu biyu zuwa uku, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, domin rufe ramukan bayan kan shi ke sa ya riƙa ɗaukar sauti ta kowane gefe. Makirufo mai waya irin Shure SM58 ya fi marar waya mai araha daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai na jabu sun cika kasuwa, a tafi da wanda ya san na gaske. Marar waya kuma kowace Lahadi yana neman batir, kuma ya fi son mutuwa a tsakiyar wa'azi.

Ƙonewar amfilifaya yawanci daga jona lasifika barkatai ne. Lasifika biyu masu om 8 (om shi ne awon yadda lasifika ke tare wuta) idan aka jona su gefe da gefe a layi ɗaya sun zama om 4, wanda yawancin amfilifaya ke ɗauka. Aka ƙara ta uku, an sauko ƙasa da om 3, na'ura ta yi zafi ta mutu. Sai kuma tsarin kunnawa: amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. Idan za a koma janareto, a kashe ta tukuna, a bari injin ya daidaita, sannan a kunna. Gurnanin da ake ji a lasifika idan an jona kibod kuwa, sau da yawa saboda an sa kibod a wani soket ne, miksa a wani. A ciyar da dukan kayan sauti daga layi ɗaya mai waya ta ƙasa.

Ginin kansa ma yana da baki a maganar. Yawancin majami'unmu bulo ne da siminti ko tayil da rufin kwano, wasu babu silin. Sauti yana dukan bango ya dawo, kalmomi su hau kan juna. Ƙara murya ba ya gyara wannan, ƙara dagula shi yake yi. Labule mai kauri a bangon baya, da silin, da dardumar da aka shimfiɗa ƙarƙashin ganguna sun fi sabuwar lasifika amfani. Gangunan zamani su kaɗai suna iya cika ɗakin mutum 200 ba tare da makirufo ba. Idan mai bugu bai iya sassauta hannu ba, kowa sai ya ƙara nasa don a ji shi, a ƙarshe jama'a su daina jin muryar kansu, su yi shiru. Wannan ita ce babbar asara, kuma ba a lura da ita domin ɗakin cike yake da ƙara. A tsaya a bencin tsakiya a saurara: idan ba a jin muryar na kusa yana waƙa, kiɗan ya yi yawa. Akwai kuma batun lafiya. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 (awon ƙarfin sauti) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kawai. Jarirai da ke bayan iyayensu a bencin gaba su ne suka fi kusa da lasifika.

Abu na ƙarshe a nan shi ne maɓallin waƙa. Mai ja gaba yakan zaɓi inda muryarsa ta fi daɗi, wanda sau da yawa ya yi wa jama'a sama. Taron mutane yana jin daɗin waƙa ne daga sautin C ta tsakiyar kibod zuwa D ta sama. Idan waƙa ta daɗe a sama da haka, maza su fara yin shiru, tsofaffi su bi. A sauke ta mataki ɗaya ko biyu, ko da mai ja gaba bai so ba.

Shin dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya? A'a, kuma mafi daɗin abin da ake ji a Kaduna shi ne inda aka haɗa: kibod da jitar bes a ƙasa, tulu da kuge suna riƙe kiɗa, babu gangunan zamani ko kaɗan. Sharaɗin shi ne mai kibod ya nemo muryar da matan suka ɗauka ya bi su, kada ya tilasta musu tasa. Ga 'yan Katolika, tun 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta ce a ba kiɗan gargajiyar kowace al'umma matsayinsa a sujada, kuma ƙa'idar lokacin Azumin da ke zuwa kafin Ista ita ce kayan kiɗa su raka waƙa kawai, ba su yi kiɗa su kaɗai ba.

Wasan kwaikwayo

Babu abin da ke zama a zuciya kamar wasan da aka yi da kyau. Annabi Natan bai fara da tsawata wa Dawuda ba, labarin mai arziki da 'yar tunkiyar matalauci ya ba shi, sai da sarki ya yanke hukunci da bakinsa sannan ya ce masa shi ne mutumin. Wasan sujada aikinsa ke nan: ya buɗe ƙofa, wa'azi ya shiga.

Don haka gajere ne. Minti 5 zuwa 7, mutum uku zuwa biyar, magana ɗaya. A karɓi nassin wa'azi daga fasto mako uku kafin ranar, a rubuta maganganun a takarda, a yi koyo sau huɗu aƙalla, na ƙarshe a cikin majami'ar da kayan da za a sa da makirufon da za a riƙe. Wasan da aka ce "kowa ya san abin da zai faɗa" shi ne mai cin minti 25, fasto ya tashi a gajiye jama'a sun riga sun fara duban agogo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kurakuran sanannu ne. 'Yan wasa su juya wa jama'a baya suna magana da juna. Makirufo ɗaya yana yawo hannu zuwa hannu, kowace magana sai an jira. Mai fitowa a matsayin mashayi ko Shaiɗan ya fi kowa ban dariya, har yara su koma gida suna kwaikwayonsa shi, an manta da saƙon. Sannan abin da muke ɗauka da nauyi ƙwarai a gari irin Kaduna: kada a kwaikwayi karin harshen wata ƙabila don a yi dariya, kada a sa tufafi ko sunan da zai nuna maƙwabtanmu Musulmi a matsayin mugun cikin labari. Yanzu kowa da waya a hannu, minti ɗaya da aka yanko daga wasa yana iya zagaye gari kafin a tashi sujada. A wasan Jumma'a Mai Kyau kuma, ban da wuƙa ta gaske, ban da bulala mai taɓa jiki, ban da wuta a cikin ɗaki. Gicciyen a yi shi da katako marar nauyi, a gwada gindinsa da nauyin mutum kafin ranar.

Ikilisiyar da ba ta da mai tsara wasa tana da wata hanya mai sauƙi wadda muke ganin an raina ta: karatun nassi da murya dabam-dabam. A ɗauki labarin ɗa ɓatacce a Luka 15, ko na makahon da aka warkar a Yohanna 9, a raba: mai ba da labari, uba, ƙaramin ɗa, babban ɗa. Mutum huɗu, koyo biyu, babu kaya, babu haddacewa, kuma kalmomin na Littafi Mai Tsarki ne, ba wanda zai ƙara nasa. Cikakken wasa a bar shi ga Kirsimeti da Ista da makon matasa, sau huɗu ko biyar a shekara. Wannan karatun kuwa ana iya yinsa kowane wata.

Majigi, talabijin ko littafi

Allo yana ɗaga kan jama'a daga takarda, murya ta fito, kuma yana ba da damar koyon sabuwar waƙa nan take. Amma majami'unmu masu manyan tagogi ne saboda zafi, kuma sujada da safe ake yi. Majigi mai ƙarfin haske lumen 3,000 zuwa 3,500, wanda shi ne aka fi samu, a irin wannan haske rubutunsa dishi-dishi yake fita. Sai an kai 5,000 ko fiye, ko a rufe tagogin gefen allo. Yana cin wuta wajen wat 300, ƙwansa yana da iyakar awoyi, ƙurar hunturu tana toshe matatarsa ya yi zafi ya kashe kansa, kuma ɗaukewar wuta kwatsam tana rage ran ƙwan domin fankarsa ba ta samu ta huce shi ba. Talabijin mai inci 55 ko 65 ba ya tsoron hasken rana, abin da yake ci bai kai rabin na majigi ba, ƙaramar inbata tana riƙe shi. Ga ɗakin da bai wuce mutum 300 ba, talabijin biyu, ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya, sun fi majigi ɗaya. Majigi sai babban ɗaki.

Kowanne aka zaɓa, layi biyu zuwa huɗu a shafi, farin rubutu kan baƙi ko shuɗi mai duhu, babu hoton ruwa mai gudu a baya. Tsayin harafi wajen inci ɗaya ga kowace ƙafa 10 zuwa 15 tsakanin allo da bencin ƙarshe. A gwada salon rubutun da haruffan ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu salon akwati suke nunawa a madadinsu, kuma cire ƙugiya yana canza magana: "ƙasa" ba "kasa" ba ce, "ɗa" ba "da" ba ne. Nassin da ke allo ya zama juyin da mai karatu ke riƙe da shi. Akwai dattawan da har yanzu tsohon juyi na 1932 ne a bakinsu, idan allo ya nuna wani, kunne ya ji wani, hankali ya rabu. Mai juya shafi kuma ya halarci koyon waƙa, ya juya tun ana kan kalmar ƙarshe ta layi, ba bayan an gama ba. Kada a kwashe littattafan waƙa a kai sito: ranar da wuta ta ƙi, su ne za su fitar da ku, kuma allo ba ya bin mutum gida ko gadon asibiti.

Adon bagade ba ya bukatar dogon bayani. Masu bin kalandar ikilisiya sun san launukansu: shunayya a makonnin jiran Kirsimeti da lokacin Azumi, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. A Katolika kuma ba a sa furanni a bagade lokacin Azumi, sai a Lahadi ta huɗu da manyan idi. Ga sauran, yadi launi biyu mai tsabta ya isa. A nisanta shi da kyandir da wayar wuta, kuma kada ado ya tare fuskar mai wa'azi ko teburin Jibin Ubangiji.

To, wanne za a fara?

Ƙaramar ikilisiya ta mutum 80 zuwa 150, irin waɗanda ke tasowa a Gonin Gora ko Mararraban Rido, wadda wuta ba ta da tabbas: kayan gida, littattafan waƙa, makirufo biyu masu waya da lasifika ɗaya mai batir a ciki saboda wa'azi, sai karatun nassi da murya dabam-dabam. Gangunan zamani a irin wannan ɗaki cutarwa ce. Idan kuɗi ya ragu, a sa silin.

Ta mutum 200 zuwa 400: a fara gyara sauti da labulen bango, sannan kibod, sannan jitar bes, sannan talabijin. A ware wani kaso na kuɗin sayayya don gyara da batir da fetur tun daga farko, kuma kowace na'ura a koya wa mutum uku, ciki har da wanda ba ya shirin barin gari.

Babba mai sujadar Hausa da ta Turanci: a nan cikakkun kayan zamani da majigi mai ƙarfi suna da wurinsu, amma kada a ɗauki tsarin sujadar Turanci a kifa kan ta Hausa. Matsalar babbar ikilisiya ba kaya ba ce, lokaci ne. Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasa, Sabon Rai, mawaƙa, yara, kowa yana son waƙarsa ta musamman. Ƙungiya shida a minti 6 kowacce minti 36 ke nan jama'a na zaune suna kallo. A raba su bisa makonni, biyu ko uku kowace Lahadi, a ba kowacce minti 5, a mayar da sauran lokacin ga waƙoƙin da dukan jama'a za su tashi su yi tare. A manna jadawalin wata uku a allon sanarwa, domin kowace ƙungiya ta san ranarta tun da wuri ta shirya.